Tsohon Akwatin Rediyo Ba Kayan Sikeli Ba Ne

Da wuya a shiga gidan da ya haura shekara hamsin a zangunanmu, daga Aboabo da Asawase na Kumasi zuwa Nima da Sabon Zango na Ankara, a rasa tsohon akwatin rediyo a cikinsa. Wani yana bisa kabad ƙura ta lulluɓe shi, wani yana ƙarƙashin gado tare da tsofaffin takardu, wani kuma yana cikin adakar mamaci tun ranar da aka raba gado ba wanda ya ce yana so. Sunayensu ba baƙi ba ne a kunnen wanda ya manyanta: National Panasonic, Philips, Sony, Sanyo, Grundig, da kuma Akasanoma wanda aka riƙa haɗawa a nan Gana. A 'yan shekarun nan akwatunan sun soma ƙarewa, domin 'yan gwangwan masu tura kura suna zagaye unguwa sun gane hanyar gidajenmu. Yaro zai ɗauko rediyon kakansa ya miƙa, a ɗora a sikeli, a ba shi abin da ko koko da ƙosai ba zai saya ba. Daga nan sai guduma: a cire ɗan jan ƙarfen da ke ciki, a watsar da sauran a bola.

Ra'ayinmu a wannan magana shi ne a daina wannan ciniki, a fito da akwatunan a gyara su, a mayar da su bakin aiki, a kuma ceto sana'ar gyaransu tun masu ita suna raye. Ba don ƙawa muke faɗin haka ba, kuma ba mu ce kowa ya ajiye wayarsa ba. Muna da dalilai, za mu kuma kawo su tare da hujjojin masu ganin ɓata lokaci ne.

Mu fara da abin da akwatin nan ya yi mana. Kafin zuwan transista, rediyo kaya ne mai nauyi, mai ƙwayaye na gilashi masu zafi, wanda ke bukatar lantarki ko batir mai kama da na mota. Sai attajiri ko ofishin gwamnati. An ƙirƙiro transista a Amurka a 1947, a 1954 kuma aka fara sayar da rediyon aljihu mai suna Regency TR-1, mai transista huɗu kacal. Kamfanonin Japan suka karɓi abin suka sauƙaƙa shi, har ya zama ɗan kasuwar goro yana iya rataya rediyo a kafaɗa ya hau mota daga Kumasi zuwa Salaga, batura huɗu su kai shi makonni.

Wannan sauƙi ya zo daidai da lokacin da harshenmu ya hau iska. Gana ta sami 'yancin kai ran 6 ga Maris 1957, bayan mako guda, ran 13 ga watan, Sashen Hausa na BBC ya fara magana da shiri na minti goma sha biyar, da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, Jamus da Sin suka buɗe sassan Hausa a 1963, Muryar Amurka a 1979, Faransa kuma a 2007. A nan gida gidan rediyon gwamnati ya sanya Hausa cikin harsunan ƙasa da yake watsa labarai da su, tare da Akan da Ewe da Ga da Dagbani da Nzema.

Mutumin Kano ko Damagaram zai ɗauki wannan a matsayin ƙarin jin daɗi, domin shi Hausa ce ke kewaye da shi ko'ina ya juya. Mu kuwa lamarin ya wuce nan. Mu tsiraru ne a tsakiyar Tuwi da Ga da Turanci. Kowa ya san yadda Hausarmu ta zango ta sauya: da yawanmu ba sa rarrabe namiji da mace a magana, «ya» ta cinye «ta», haruffa masu lanƙwasa sun sassauta a bakin yaranmu, kalmomin aro kuma sun yi yawa. Wannan ba abin kunya ba ne, haka harshe yake yi idan ya yi nisa da gida. Amma abin da ya hana igiyar tsinkewa gaba ɗaya shi ne, sau uku ko huɗu a yini, ana jin cikakkiyar Hausa tana fitowa daga akwati a zaure ko a rumfar mai shayi. Daga nan iyayenmu suka sami kalmomin siyasa da na lafiya da na shari'a. Daga nan suka ji tafsirin azumi na Sheikh Abubakar Gumi da na Sheikh Ɗahiru Bauchi ta Rediyon Kaduna. Suka riƙa rubuta wasiƙu zuwa Amsoshin Takardunku, idan aka ambaci sunan mutum da na unguwarsa daga Landan, ranar sai an yi ta zuwa yi masa barka. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji masu iya magana. Rediyo ne ya sa mu gida bai bar mu ba.

A ranakun tashin hankali ma shi ne abin dogaro. Ta rediyo aka ji Kanar Kotoka yana shelar kifar da Nkrumah ran 24 ga Fabrairu 1966. Da gwamnatin Busia ta fitar da dokar korar baƙi ran 18 ga Nuwamba 1969, ta ba marasa takardu mako biyu su fice, mutanen zango kunnensu a akwati yake, suna lissafin wa zai tafi wa zai zauna. Da Najeriya ta kori nata baƙin a farkon 1983, iyalan da ke da 'ya'ya a Legas haka suka kwana a gaban rediyo. Akwatin da yaro ke miƙa wa mai sikeli, mai yiwuwa shi ne ya gaya wa kakansa waɗannan labarai.

To, wani zai ce tarihi ne wannan, a rubuta shi a littafi. Akwatin kuwa ya mutu, me za a yi da gawa? Amsarmu ita ce, mafi yawansu ba su mutu ba, suma suka yi. Wanda ya taɓa zama kusa da mai gyaran rediyo ya san cewa cututtukansu ƙidayayyu ne, magungunansu kuma ba su da tsada.

Babban makashin tsohon rediyo shi ne batir da aka manta a ciki. Batir idan ya ƙare aka bar shi, sai ya yi yoyo, ruwansa ya ci ƙarafan da ke riƙe shi da 'yar wayar da ta naɗe kamar sifirin, wani lokaci ya gangara har kan allon da kayan suke. Batura iri biyu ne, maganin kowanne daban. Masu arha irin su Tiger Head ruwansu mai tsami ne, yana barin tsatsa ja. Ana goge shi da ɗan ruwan kanwa a auduga. Masu tsada da ake kira alkalin kuwa farin gari suke bari kamar gishiri. Shi ruwan lemun tsami ko ruwan khal ke kashe shi. Bayan haka a goge da sifirit, a kankare tsatsar da takardar yashi mai laushi, a bari ya bushe sarai. Akwatuna da yawa daga nan suke buɗe baki. A kiyaye kada garin ya shiga ido, a kuma wanke hannu bayan an gama.

Na biyu shi ne ƙarar nan ta ƙaiƙayi da ake ji idan an murɗa maɓallin murya, ko tasha ta riƙa zuwa tana ɗaukewa idan an taɓa makunnin sauya zango. Ƙurar hunturu ce da danshin damina suka taru a kan ƙarafan da ke haɗuwa. Akwai feshi na musamman na wanke mahaɗar lantarki, ana samunsa wajen masu sayar da kayan gyara. A fesa kaɗan, a murɗa maɓallin sau ashirin ko talatin, sai ya washe. Kada a zuba man keke ko man ja ko kananzir, domin maiƙo ƙura yake tarawa, ya kuma ci roba.

Na uku, wasu 'yan ƙananan gwangwanaye da ake kira kafasita, masu ɗan ruwa a cikinsu. Bayan shekara talatin ko arba'in ruwan yakan bushe. Alamarsa ita ce murya ta yi rauni, ko ta shaƙe, ko akwatin ya riƙa bugawa kamar injin niƙa. Sababbinsu suna nan a kasuwa da arha, domin duk kayan lantarki na yau suna amfani da su. Mai gyara zai cire tsohon ya liƙa sabo da dalma, yana lura da adadin da aka rubuta a jiki da kuma ƙafar da ke da alamar ragi, domin idan aka juya shi baibai zai lalace.

Sauran matsalolin na hannu ne. Zaren da ke jan allurar neman tasha yakan tsinke, a ɗaura wani. Mai hankali yakan zana yadda tsohon ya zagaye ƙafafunsa kafin ya cire shi. Eriyar ƙarfe takan karye, a sa wata. Takardar lasifika kyankyasai kan ci ta, ƙaramin yagewa ana liƙe shi, babba a canza lasifikar da mai ƙarfi daidai da ita. A ciki kuma akwai wata baƙar sanda da aka naɗe da siririyar waya, ita ce eriyar matsakaicin zango. Tana da gautsi kamar alli, faɗuwa ɗaya kan karya ta, amma ana iya haɗa ta da gam ta ci gaba da aiki.

Akwai abubuwa uku da muke roƙon kada a yi, domin su ne ke mayar da suma ta zama mutuwa. Na farko, duk wanda ya buɗe bayan rediyo zai ga wasu 'yan akwatunan ƙarfe masu kan sukurori launi-launi, ja da rawaya da fari da baƙi. Ba sukurori ba ne da suka kwance. Masana'anta ce ta saita su da na'ura, a yawancin akwatuna a kan kilohaz 455, kuma wanda ya ɗaure su da sukundireba ya kurmantar da rediyon, gyaransa sai gwani. Na biyu, kada a cusa masa kowace irin caja don bakinta ya shiga ramin. Tsofaffin akwatuna da yawa, musamman na Japan, tsinken tsakiyarsu na ragi ne, akasin cajojin yau. Dubawa ɗaya a alamar da ke gefen ramin ta isa, rashin dubawa kuma yana ƙone transista cikin ƙiftawar ido. Na uku, akwatin da ɗan'uwa ya aiko daga Amurka na bolt 120 ne, na Japan na bolt 100, wutarmu kuwa 230 ce. Idan ba shi da makunnin sauyawa, a bar shi a kan batir. Akwatunan da suka fi tsufa, na shekarun 1950 da 1960, transistocinsu na wani ma'adini ne da ake kira jamaniyum wanda ba ya jure zafi, kuma samun irinsa yanzu sai an wahala. Waɗannan kada ɗan koyo ya fara da su.

Yanzu mu saurari masu suka, domin maganarsu tana da nauyi.

Suna cewa waya ta wadatar: BBC da DW da RFI duk suna Facebook da YouTube, ga tashoshin FM na kusa irin su Zuria a Kumasi da Marhaba a Ankara. Gaskiya ne, mu ma a waya muke rubuta wannan. Sai dai waya tana da sharuɗɗa: sai da caji, sai da data, sai da layin da aka yi wa rajista, sai kuma hanyar intanet tana buɗe. Mun ga shekarun dumsor, lokacin da wuta kan ɗauke yini guda cur. Mun ga ran 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka yanke, Gana da maƙwabtanta suka yi kwanaki ana fama. 'Yan'uwanmu na Chadi sun yi wata goma sha shida, daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019, an toshe musu shafukan sada zumunta. A Nijar an dakatar da RFI a Agusta 2023, aka dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024. Tashar FM ana rufe ta da takarda ɗaya, domin na'urarta a cikin gari take. Gajeren zango kuwa daga nesa yake tasowa, daga tsibirin Ascension da ke tsakiyar teku ko daga Faransa, ya bugi wani rufi na sararin sama ya dawo ƙasa bayan dubban kilomita. Ba ya tsayawa a shingen kwastan, kuma akwatin da ke karɓarsa ba ya gaya wa kowa wanda ke saurare.

Suna cewa gajeren zangon kansa yana mutuwa. Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, kuma ba za mu musanta ta ba. DW ta rufe tasharta ta Kigali a 2015. Muryar Amurka ta yi tsit a Maris 2025, masu saurarenta na Hausa suka murɗa suka ji ba kowa. Amma a duba abin da ya faru da Sudan. BBC ta rufe rediyonta na Larabci a Janairu 2023 bayan shekara tamanin da biyar, tana cewa zamani ya koma intanet. Yaƙi ya ɓarke a Khartum a Afrilu, lantarki da layukan waya suka lalace, a watan Mayu sai ga ta ta dawo da shiri na gaggawa a gajeren zango domin mutanen Sudan, cikinsu har da Hausawan can. Wanda ya sayar da akwatinsa a Fabrairu bai ji wannan shiri ba. Har yanzu akwai masu magana da Hausa a gajeren zango, kuma tashoshi suna duba ko akwai masu sauraro kafin su yanke shawarar rufewa. Idan mu da kanmu muka fasa akwatunan, mun ba su hujja.

Suna cewa sabon rediyo ɗan Sin yana nan da arha, me ya sa za a wahala da tsoho? Wanda ba shi da tsoho ya sayi sabo, da babu gara ba daɗi. Amma yawancin masu arhar an tattara aikinsu cikin ƙwaya ɗaya baƙa, idan ta mutu ba abin da mai gyara zai yi sai ya ce a sayi wani. Tsohon kuwa kowane ɓangare nasa a fili yake, ana ganinsa, ana auna shi, ana cire shi a sa wani, wasu ma an liƙa taswirar haɗinsu a cikin murfi. An ƙera shi ne da niyyar a gyara shi. Jefar da abin da ake iya gyarawa da kuɗi kaɗan almubazzaranci ne, kuma ba a haka aka rene mu ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai kuma wani bambanci da ba na fasaha ba. Waya ta mutum ɗaya ce: ya toshe kunnuwansa, ya ji abin da na'ura ta zaɓar masa. Rediyo na majalisa ne. Mutum goma za su ji labari ɗaya a lokaci ɗaya, a gama a yi muhawara, dattijo ya fassara wa yaro kalmar da bai gane ba, yaron ya tashi da ita. Gidan da ake kunna labaran safe a tsakar gida, yaransa suna shan Hausa ba tare da an zaunar da su darasi ba.

Duk wannan magana za ta tashi a banza idan babu masu gyara, kuma nan ne haɗarin ya fi kusa. Masu gyaran rediyo da suka rage a zangunanmu dattawa ne, idanunsu sun soma rauni, teburansu ba almajirai. Abin da ke kansu ba a rubuce yake ba: yadda suke gane ciwon akwati daga irin kukansa, da wace transista ce ke maye gurbin wace. Ranar da aka kai ɗayansu makwanci, da iliminsa ake tafiya. A gefe guda kuma ga samarinmu birjik a Kejetia da Circle suna gyaran waya, hannunsu ya saba da dalma a kan abubuwan da suka fi na rediyo ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Abin da ya rage shi ne a haɗa su.

Saboda haka ga abin da muke ba da shawara. Kowane mai gida ya fito da akwatin da ke gidansa yau, ya cire batiran da ke ciki, ya goge ƙura, ya ajiye shi inda ba danshi ba rana. Kada a sayar, kada a ba yara su yi wasa, sai mai gyara ya duba. Wanda ya tabbata ba zai tashi ba, a kai wa mai gyara ya ajiye, domin eriyarsa da lasifikarsa da maɓallansa za su raya wasu. Sarakunan zango da ƙungiyoyin matasa su rubuta sunayen masu gyaran da suka rage a kowace unguwa, a ɗora wa kowannensu yaro ɗaya ko biyu daga masu gyaran waya, jama'a su haɗa abin da za a riƙa sallamar malamin da shi, domin ilimi ba a karɓarsa da hannu wofi. Mu kuma daina raina kuɗin gyara: wanda ya ɓata yini yana neman ciwon akwati ya cancanci ladan yininsa.

Idan akwatin ya tashi, a rubuta a 'yar takarda sunan mai shi na farko, da shekarar da ya saya, da garin da ya sayo shi idan an sani, a liƙa a cikin murfin batir. Sa'an nan a yi amfani da shi, domin rediyon da ake kunnawa ya fi wanda aka ajiye daɗewa. Wanda ya ji shuu ta yi yawa ya matsa nesa da cajar waya da ƙwan fitila na zamani da injin inbata, su ne ke cika iska da hayaniya. Ya fita tsakar gida, ko ya ɗaura siririyar waya mai tsawon mita biyar zuwa goma a jikin eriya, amma ya cire ta idan hadari ya taso. Da rana a nemi tasha a mita 13 da 16 da 19, da dare da asuba a gangara mita 31 da 41 da 49. Idan za a yi tafiya, ko za a yi mako ba a kunna ba, a cire batir.

Ran 13 ga Fabrairun kowace shekara ita ce Ranar Rediyo ta Duniya. Muna fata kafin ta zagayo, kowace unguwa ta zango za ta iya jera akwatuna goma da aka tayar a ƙofar fada, tare da dattijon da ya koyar da saurayin da ya gyara. Wanda ya san wani mai gyara a unguwarsu ya sanar da shugabannin unguwar, a fara da shi. Allah Ya sa mu dace.